Duwatsun Guga Goma Sha Ɗaya da 'Yar Jar Fitila

3 ga wata

Zuwa ga 'yata, Uwata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kina lafiya. Ya karatu, ya malamai, ya abokan kwana? Ina fata haƙorin nan ya daina damunki. Mu nan lafiya lau. Innarki tana gaishe ki, gwiwata ma tana gaishe ki, ita ce ta fi kowa surutu a gidan yanzu.

Kada ki yi mamakin ganin takarda alhali ga waya. Maganar ba ta waya ba ce. Kin san Innarki tana jin raɗa ta bayan bango biyu, da na ce "Uwata" za ta jingine tsintsiya ta zo ta tsaya a kaina. Shi ya sa nake rubutawa a wurin aiki, a kan bencina, lokacin hutun rana, in ba direban da ke bi ta ƙofar makarantarku. Rubutun kuma ki karanta da haƙuri. Babanki aji huɗu ya yi, na huɗun ma rabinsa a bakin taga na yi shi ina kallon mai gyaran keke.

Ga abin da ake ciki. Tsohon manajanmu na gidan wanki da guga ya ajiye aiki, an kawo sabo. Yaro ne, bai fi yayanki da yawa ba, kullum da ɗan littafi a aljihun gaba. Ba mugu ba ne. Kirkinsa irin na allurar asibiti ne, sai ta shiga za ka san da ita. Kwanansa uku ya zagayo bayan bencina ya ɗaga tsohon bargon da ke kusurwa. Duwatsun guga goma sha ɗaya ne a ƙarƙashi, duk sun daina zafi, na jera su na lulluɓe kamar masu jiran a yi musu sutura. Ya tambaye ni tun yaushe. Na ce wasu sun kwana biyu. Abokina Sitaci, shugaban masu guga, wanda kika sani da wuyan riga a miƙe kamar an kafa masa katako, yana daga bayana ya ce wasu sun ga damina biyu. Allah Ya saka masa.

Manaja ya ba ni zuwa ƙarshen wata. Kowane dutse ko dai ya tashi ya yi zafi, ko in faɗa masa ainihin abin da ya kashe shi. In ba haka ba za a ɗauke bencin a riƙa kai gyara waje, ni kuma a gode mini. Shekara goma sha tara ina kan bencin nan, Uwata. Har ramin gwiwar hannuna ya fito a jikin katakon. Ban san inda mutum mai shekaruna yake kai godiya idan an ba shi ita ba.

Matsalar mitata ce, na'urar da nake gwada wuta da ita. Ta tsufa, batir take sha kamar rijiyar da ta fashe, ka sa yau gobe ta yi shiru. Ba tare da ita ba kuwa ba na gane ko waya ta tsinke a cikin rigarta, ko fiyus ne, ko abin zafin ne ya ƙone. To ke da kike karatun lantarki, ba ku da wani abu da ba ya cin batir, wanda zai gaya wa mutum ko hanya ta ɓulle daga wannan bakin waya zuwa wancan? Ba na son mai lambobi ko mai allura. Ina son wanda zai ce i ko a'a, kamar shaidan kirki. Idan akwai ki zana mini, ki yi zanen da girma.

Kada ki ɗaga hankalinki, kada kuma ki gaya wa Innarki. Ki ci abinci, ki daina karatu a kwance.

Naki,
Babanki, likitan da majinyatansa goma sha ɗaya suka ƙi tashi.

11 ga wata

Uwata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar wanda aka fitar kunya. Ya jiki, ya jarrabawar da kika ce ta matso? Allah Ya ba da sa'a, Ya yi miki albarka.

Zanenki ya iso. Na buɗe ina zaton zan ga abu mai ƙafafu kamar gizo-gizo, sai na ga abu uku kacal: ɗan moton da ke juya kaset a rediyo, 'yar jar fitilar da ke nuna rediyo a kunne take, da waya biyu. Kin ce moton nan idan aka ba shi wuta sai ya juya, idan kuma aka juya shi da hannu shi ne zai ba da wuta. Shekara talatin ina taɓa moto, ban taɓa sanin yana ramawa ba.

Moton na samo shi a gida. Kin tuna rediyon nan ta saman kabad, wadda ta yi shekara goma ba ta ce uffan ba amma Innarki take goge ta kowane mako? Da na sauko da ita sai ta tare ƙofa, wai tun kafin a haife ki take da ita. Na ce Uwata ce ta ce a ciro mata wani abu na makaranta. Nan take ta matsa, har da miƙo mini sukundireba. Da na san sunanki yana buɗe ƙofa haka, da tuni na yi amfani da shi a kan wasu maganganun.

Ga yadda na haɗa, ki duba ko na yi daidai. Na sa moton a cikin tsohuwar robar sabulu, na huda marfin, sandarsa ta leƙo waje. A kan sandar na manna marfin kwalba da gam don a samu abin kamawa. Ƙafa ɗaya ta fitilar na liƙe ta da dalma a jikin moton, ɗaya ƙafar na ba ta doguwar waya, ɗaya bakin moton ma na ba shi tasa wayar. Ba ni da irin maƙalen ƙarfen da kika zana, amma gidan wanki nake aiki, sai na ɗauko maƙalen shanya biyu na naɗe musu baki da zaren waya. Suna cizo da kyau. Wajen liƙin na ƙona yatsa sau biyu, hasken ɗakinmu ba shi da kirki, ƙarshe Innarki ce ta riƙe mini ƙafafun fitilar da idonta na ɗinki.

Sai gwaji. Na maƙala wa cokali maƙalen nan, ɗaya a kai ɗaya a gindi, na riƙe, Innarki ta murza marfin kamar mai murza katantanwa. Uwata, ta kawo ja. 'Yar mitsitsiyar aba, amma na gan ta sarai. Babu batir, babu wutar bango, yatsun Innarki ne kawai. Mun gwada mabuɗi, ta kawo. Mun gwada ɗan kunnenta, ta kawo. Tsintsiya, shiru. Ta ƙi sakin marfin, kamar yarinyar da aka saya wa abin wasa. Daga ƙarshe ta maƙala mini su a kunnuwa ta murza, babu ko ƙyalli. Ta ce ita ta daɗe da sanin waya ta tsinke tsakanin kunnuwan nan biyu, yau dai an samu shaida.

Washegari na tafi da ita aiki a aljihu ina tafiya kamar mai sabon takalmi. Na bi dokokinki. Babu dutsen da na taɓa yana jone a bango, wannan kin ja masa layi uku, na gani. Na murɗa makunnin zafi na kowanne, na maƙala a ƙafafun fulogi, na murza. Na farko shiru. Na biyu shiru. Har na goma sha ɗaya babu wanda ya amsa. Na kwance uku daga ciki na gwada wayar ita kaɗai, shiru, na gwada abin zafin shi kaɗai, shiru. Ashe ba laifina ba ne, gawawwaki aka ba ni jinya. Na je na sami Manaja na gaya masa duk sun ƙone ciki da waje, sai dai a zubar. Na nuna masa robar sabulun na ce 'yata ce ta ƙirƙira, tana makarantar koyon lantarki. Ya juya ta a hannu, ya rubuta wani abu a littafinsa, ya ce jibi zai zo ya ga yadda take aiki.

Na ga kamar kin yi wani ɗan rubutu da fensir a can ƙasan takardar, siriri kamar sawun tururuwa. Na san gaisuwa ce, ina amsawa.

Na gode, Uwata. Allah Ya ba ki masu yi miki.

Babanki, injiniyan robar sabulu.

14 ga wata

Uwata,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya. Mu ma lafiya, sai dai babanki ya sha ruwan kunya har ya ƙoshi, kuma shi ya ɗebo da hannunsa.

Manaja ya zo jiya kamar yadda ya ce. Ya zo da wani dutsen guga a naɗe cikin tawul, wai a sito ya tsinto shi, in duba masa. Masu guga suka bar teburansu suka zagaye mu, don na riga na cika musu kunne da labarin na'urar 'yata. Na gyara zama, na maƙala, na murza. Shiru. Na sake murzawa da ƙarfi. Shiru. Na girgiza kai irin na likitan da ya fito daga ɗakin tiyata, na ce wannan ma ya riga mu gidan gaskiya. Manaja ya cire maƙalen, ya jona dutsen a bango, ya jira kaɗan, ya yayyafa masa ruwa. Sai da ya yi tsuwa kowa ya ji. Dutsen Sitaci ne, wanda ya yi guga da shi tun safe, an bar shi ya huce ne kawai.

An yi dariya, kuma da ni ne a tsaye da na fi kowa yi. Sitaci ne kaɗai bai yi ba, wannan ya fi yi mini ciwo. Manaja ya ce shi ba ya zubar da kaya a kan shaidar abin da ke kashe mai rai, ƙarshen wata yana nan inda yake. Bai ɗaga murya ba. Da ya yi faɗa ma da na fi jin daɗi.

Yanzu zan gaya miki abin da ya kamata in faɗa tun takardar farko. Dutsen nan, mariƙinsa naɗe yake da shuɗin salatif, kuma ni na naɗa da hannuna bara. Yana gabana, tazarar kamu biyu, ban gane shi ba. Uwata, ba na gani sosai. Mitata lafiyarta ƙalau, ƙarya na yi mata. Batirin da ke ciki tun na bara ne kuma yana aiki. Allurar ce ba na gani, lambobin kuwa sun zama kamar an zuba gero a faranti. Abin ya fi shekara yana tafiya a hankali, kamar ana ƙara wa tagar ɗaki labule ɗaya bayan ɗaya. Manyan abubuwa ina ganinsu, haske ina ganinsa, hanya ina gane ta. Sukurori kuwa da yatsa nake nemansu. Duk dutsen da ciwonsa ya fito fili, na ji ƙauri ko na taɓa na ji waya ta saki, ina gyara shi. Wanda ciwonsa ya ɓuya sai in tura shi ƙarƙashin bargo in ce gobe. Goben ce ta taru ta zama goma sha ɗaya.

Shi ya sa na ce ki yi zane da girma, shi ya sa na ce ba na son mai allura. Na yi miki wayo irin na tsofaffi, ke kuma kika taimake ni da zuciya ɗaya. Ki yafe mini.

Ban ce na'urarki ce ta yi ƙarya ba. A gida ta yi aiki, da idona na gani, ko da yake idon nawa yanzu ba abin rantsuwa ba ne. Wataƙila ta jijjiga a aljihu wani liƙi ya saki. Wataƙila hannuna ne. Na ajiye ta a kan benci ban sake taɓa ta ba, muna fushi da juna.

Abin da ke tsorata ni ba zaman gida ba ne kawai. Idan aka ɗauke bencin nan, da wane suna za a kira ni? Tun kina goye ake ce mini Mai Gyara. Har Innarki idan ta yi fushi haka take kirana.

Saura kwana goma sha shida. Ki yi mini addu'a, ki kuma mai da hankali kan jarrabawarki, ita ta fi bencina muhimmanci, ko da yake bencin ba zai yarda ba.

Babanki, wanda ya yi wa mai rai ta'aziyya.

22 ga wata

Uwata,

Assalamu alaikum, da gaisuwa irin wadda ba ta shiga ambulan. Ya jiki, ya gajiyar jarrabawa? Saƙonki ya iso, amma bari in fara daga farko, don labarin ya riga saƙon zuwa.

Kwana biyu bayan abin kunyar nan, lokacin hutun rana, Sitaci ya zo ya zauna a gefen bencina. Bai yi mini jaje ba, shi ba ya lanƙwasa har a magana. Ya ɗauki robar sabulun yana wasa da ita, ya cusa bakin maƙale ɗaya a cikin ɗaya, ya murza marfin. Ta kawo ja. Na fizge na murza. Shiru. Ya karɓa, ta kawo. Na karɓa, shiru. Sau shida muna miƙa wa juna kamar masu raba gardama. Sitaci ya ce abin a fili yake, na'urar 'yata tana da hankali, ta san mutumin kirki idan ya taɓa ta. Na ce in haka ne da ba ta kawo wa Innarki ba. Wannan kada ki maimaita.

A hanyar gida na tuna da sawun tururuwar nan na ƙasan takardarki. Na isa da la'asar, Innarki tana tsintar tsumma a gindin keken ɗinkinta. Na daɗe a tsaye da takardar a hannu. Miƙa ta yana nufin faɗin komai, har da bencin, har da idon. Na miƙa. Na ce ta karanta mini na fensir ɗin, don ni ba na ganinsa.

Ta karanta. Kin ce kafin kowane gwaji in haɗa maƙalen biyu da juna in murza, don in tabbatar na'urar da kanta tana da rai. Kin ce idan ba ta kawo ba in murza ta ɗaya gefen, domin irin wannan fitila ta ƙofa ɗaya take karɓar wuta, moton kuma idan aka juya shi baya, wutarsa ta baya take fitowa. Innarki ta ajiye takardar ta kalli hannuna. Ni ma na kalli hannuna. Bahago ne ni, Uwata. Shekara sittin da 'yan kai ina bahago, an doke ni a kai a makaranta, an yi mini tsiya a kai a gidan surukai, amma ranar da abin ya zo da amfani sai na manta. Ita da Sitaci suna murzawa dama, ni ina murzawa hagu. Ko zinariya na maƙala wa, shiru zan samu.

Maganar ido kuwa, na shirya jin kuka ko faɗa, ban samu ko ɗaya ba. Ta ce ita ta sani tun ranar da na tsaya a tsakar gida na gaida rigar maƙwabcinmu da ke kan igiyar shanya, har ina tambayarta ya iyali. Ta ce jira take in gaji da wasan in faɗa da bakina, kuma tun lokacin take kawar mini da kujeru daga hanya ban sani ba.

Washegari direba ya kawo naki. Rubutu da baƙin alƙalami mai kauri, kowane harafi kamar ɗan yatsa, na karanta da kaina tun daga sallama har sa hannu. Ga kuma 'yar koriyar fitila kin manne a kusurwa. Kin gano matsalar daga can ba tare da kin ga hannuna ba, kin ce kin zauna kina tunanin yadda nake riƙe cokali. Mun liƙa ta a gefen jar, ƙafafunta a juye kamar yadda kika zana. Yanzu duk inda aka murza sai ɗaya ta amsa. Ja ta mutanen dama, koriya tawa ni kaɗai. Ban taɓa mallakar abin da aka yi domin bahago ba sai yau.

Haƙurin da kika ba ni kan rubutun fensir ban karɓa ba, na mayar miki. Wanda ya ɓoye ciwonsa ba ya tuhumar mai magani. Maganar asibiti kuma na ji. Ke da Innarki kun haɗa kai, na ga alama ba ta waya kaɗai ake haɗa hanya ba.

Aiki yana tafiya. Yawancinsu ashe waya ce ta karye a cikin rigarta, daidai inda take shiga mariƙi, wurin da take lanƙwasa sau dubu a yini. Sitaci yana ba ni rabin hutunsa. Shi yana murzawa ba tsayawa, ni ina bin wayar da yatsu ina lanƙwasa ta kaɗan-kaɗan. Inda fitilar ta ƙifta, nan ciwon yake. In yanke, in feƙe, in ɗaura. Wannan yatsuna sun san shi ko a cikin buhu aka sa ni. Shida sun tashi. Duk wanda ya yi zafi sai Sitaci ya ɗauka ya kai teburin da ya fi kusa da ofishin Manaja ya dangwarar da ƙarfi, wai hannunsa ne ya suɓuce.

Saura biyar, saura kwana takwas. Allah Ya yi miki albarka, Ya haskaka miki kamar yadda kika haskaka mini.

Babanki, mai koriyar fitila.

2 ga sabon wata

Uwata,

Assalamu alaikum. Ina fata kin gama jarrabawa lafiya, kin kuma rama barcinki. Innarki tana gaishe ki. Tana zaune a gefena, don yanzu a gida nake rubutu, asiri ya ƙare.

Bencin yana nan, ni ma ina kansa.

Ranar ƙarshe na jera su a gaban Manaja. Tara suna zafi. Bakwai waya ce, biyu fiyus ne kawai, abin da bai kai ƙwayar wake biyu ba ya kwantar da su wata da watanni. Na goma abin zafinsa ya ƙone da gaske, na nuna masa. Na sha ɗaya makunninsa ne ya cinye, sai an sayo wani. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana yayyafa ruwa. Sannan ya koma ofis ya dawo da tawul ɗinsa, wannan karon duwatsu biyu a ciki. Masu guga suka sake zagayowa, har da masu wanki da kumfa a hannu.

Na haɗa maƙalen da juna tukuna, na murza, koriya ta kawo. Na farko lafiyarsa lau, na faɗa. Na biyu shiru. Ban yi masa ta'aziyya ba, na koyi hankali. Na gwada wayar, na gwada fiyus, na buɗe fulogin na shafa, sai na ji waya ɗaya an zare ta daga sukuronta, an zare ta da tsabta irin ta mai littafi a aljihu. Na mayar na ɗaure na miƙa masa. Sitaci ya yi tari mai kama da dariya.

Da mutane suka watse ban bar shi ya tafi ba. Na gaya masa maganar idona da bakina, tun daga allurar mita har shuɗin salatif. Na san zan iya rasa abin da na samu minti biyar da suka wuce, amma na gaji da lulluɓe abubuwa. Ya ce gyaran ya gamsar da shi, amma ba zai bar mutumin da ba ya gani sosai yana aikin wuta haka kawai ba, ko don ni ko don masu riƙe dutsen. Sharaɗi biyu ya kafa. Duk abin da na ɗaura sai Sitaci ya duba da ido kafin a jona. Kuma in je asibiti cikin makon nan. Wato yanzu Sitaci ne mai duba aikina. Wuyan rigarsa ya ƙara tsawo.

Jiya muka je da Innarki. Likita ta haska, ta ce yanar ido ce a duka biyun, irin wadda ake cirewa. Za a fara da ɗaya ranar ashirin ga wata, daidai kin samu hutu. Na tambaye ta ko za a iya ba ni sabon idon da ya iya karatun aji biyar, ta ce wannan ba sashenta ba ne. Ina jin tsoro, ba zan ɓoye miki ba. Mutumin da ya shekara talatin yana kwance kayan mutane yau an ce za a kwance nasa.

Manaja ya ce zai riƙe mini bencin mako uku idan akwai wanda zai zauna a kai. Na ce ina da injiniya. Ban tambaye ki ba kafin in faɗa, yanzu nake tambaya. Idan kin yarda, ki zo da kayan aikinki, nawa sun tsufa kamar mai su.

Akwai kuma wani dalilin. Hutun da ya wuce, da na ce kin rame, cinta na yi, ba gani na yi ba. Na wancan hutun da na ce kin yi ƙiba, shi ma cinta ne. Shekara biyu ke nan rabon da in ga fuskarki sosai, muryarki nake bi da tsayinki a bakin ƙofa. Ina so ranar da za a cire mini bandeji ki tsaya a inda zan fara kallo. Mutane suna cewa kin girma kin zama kamar Innarki, ina fata gaskiya suke faɗa. Idan kuma aka buɗe na ga da ni kike kama, ki yi haƙuri, ba da gangan na yi ba.

Na gode, Uwata. Allah Ya kawo ki lafiya.

Naki har kullum,
Babanki, Mai Gyara.